Karatun waje ga 'yan Nepal: riba ce ko jinginar gona kawai?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina aiki a Doha, ɗakinmu ɗaya da wani ɗan Nepal, mutumin kirki wallahi. Ƙanwarsa ta gama sakandare, gidansu suna shirin jinginar da gona a banki su tura ta karatu Ostireliya ko Japan, shi kuma zai dinga biyan bashin daga albashinsa. Yace duk garinsu haka ake yi. Dan Allah wane amfani suke samu a karatun wajen nan, kuma wace shawara zan bashi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya saka da alheri da ka ɗauki damuwar abokin zamanka kamar taka. Aikina duba takardun ɗaliban ƙasashen waje ne masu neman gurbi, kuma na 'yan Nepal suna cikin waɗanda suka fi yawan zuwa teburina, toh bari in gaya maka yadda nake ganin abun. Amfani akwai shi, ba kaɗan ba ma, amma ba duk wanda ya hau jirgi ne yake samunsa ba, kuma abinda yake raba mai riba da mai asara tun kafin a bar Katmandu, babban birninsu, ake yanke shi, wato wace makaranta, wane kwas, kuma kuɗin wa za a kashe.

Gaskiya ya gaya maka da yace kowa haka yake yi. Nepal mutum miliyan 29 da ɗoriya ne a ƙidayar 2021, amma a 'yan shekarun nan ma'aikatar iliminsu tana bada takardar izinin fita karatu sama da 100,000 a shekara guda. NOC suke ce mata, kuma in babu ita banki ba zai tura maka kuɗin makaranta waje ba, shi yasa da ita ake auna yawan masu fita. Ba duk wanda ya karɓa ne yake tafiya ba, wani bizar ce ta ƙi fitowa, wani kuma biyu ya karɓa, amma ta ɗaya gefen masu tsallakawa Indiya da yawa ba sa shiga lissafin, tunda iyakar a buɗe take babu biza tun yarjejeniyar 1950. A Japan yanzu in ka cire 'yan Chana babu ɗaliban waje da suka kai 'yan Nepal yawa, sun wuce 'yan Biyetnam tun 2023. A Ostireliya su ne na uku bayan Chana da Indiya. Akwai wata unguwa a Katmandu, Putalisadak, da maƙwabciyarta Bagbazar, in kaga hotonta kawai za ka gane girman harkar, benaye tun daga ƙasa har sama allunan talla ne a manne, wannan ajin jarabawar Turanci ta IELTS, wannan ajin Japananci, wancan tutar Kanada, wancan hoton yarinya da hular kammala karatu tana murmushi, duk ofisoshin ejan-ejan ne masu nema wa yara makaranta.

Amfanin da mutane ba su cika lissafawa ba, ni kuma shi nake fara ambata, shine lokaci. Babbar jami'arsu Tribhuvan da aka kafa 1959 ita ke ɗauke da mafi yawan ɗaliban ƙasar ta hanyar ɗaruruwan kwalejojin da ke ƙarƙashinta, kuma ƙorafin da aka daɗe ana yi shine jarabawa ba ta zuwa kan lokaci, in an yi kuma sai a shafe wata da watanni ana jiran sakamako, ga ƙungiyoyin ɗalibai masu ɗaurin gindin jam'iyyu da suke garƙame ofisoshi da kwaɗo in suna da wata buƙata. Digirin shekara 4 sai ya ci 5 ko fiye. Duk wanda ya taɓa zaman gida saboda yajin aikin malaman jami'a ba sai na yi masa dogon bayani ba. Akwai waɗanda suka fi kiyaye kalanda, kamar Jami'ar Katmandu da ke Dhulikhel, sai dai gurbi kaɗan ne kuma kuɗin ya fi yawa. A waje kuwa tun ranar da ka shiga ka san watan da za ka fita, kuma ga yarinya musamman, da in karatu ya ja gida za a fara maganar aure, shekara ɗaya ko biyu ba ƙaramin abu ba ne.

Sai babban dalilin, wanda ba a rubuta shi a takardar neman biza amma kowa ya san shi. Dubi abokinka kansa. Kwangila ce take riƙe da shi, a sabunta a sabunta, ko ya shekara 20 a Katar ranar da aiki ya ƙare sai gida, haka yake ga 'yan uwansa da ke Saudiyya da Dubai da Malesiya. Bizar ɗalibi kuwa wata ƙofa ce daban, tana baka damar aiki bisa doka kana karatu, in ka gama akwai bizar aiki, wasu daga nan su samu takardar zama na dindindin, su kawo mata ko miji. Ostireliya tana bada shekara 2 zuwa 3 bayan digiri, Kanada har zuwa shekara 3, Amurka wata 12, in kwas ɗin kimiyya ko injiniya ne ya kai wata 36. Toh iyali da yawa ba ilimin kaɗai suke saye da gonar ba, wannan ƙofar suke saye, kuma ni ban ga laifinsu ba, ƙasar da kuɗin da 'yan ci-rani ke turowa ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tattalin arzikinta, ai dole uba ya so 'yarsa ta fita ta ƙofar da ta fi ta yayanta.

Amma nan ne ake yi wa mutane ƙarya, kuma nan nake so ku zauna da biro da takarda kai da shi. Abinda ejan yake faɗa wa iyaye shine "ku dai ku biya na zangon farko, sauran ita za ta biya da aikinta". Mu gwada da Ostireliya. Doka ta yarda ɗalibi ya yi aikin awa 48 a duk sati biyu lokacin karatu, wato awa 24 a sati, mafi ƙarancin albashi kuma a 2025 wajen dalar Ostireliya 25 ne a awa, kaga 600 kenan a sati in an samu aikin kuma an cika awannin, a shekara 31,000 da 'yan kai, a ƙara ɗan abinda za a samu a hutu tunda lokacin babu ƙayyadewa. Ita kanta gwamnatin Ostireliya tun watan Mayu 2024 adadin da ta sa a matsayin kuɗin rayuwar ɗalibi ɗaya a shekara 29,710 ne. Ka gani? Aikin zai ciyar da ita ya biya haya, shikenan. Kuɗin makaranta, wanda a jami'a ta sosai yake kai 30,000 ko ya wuce duk shekara, yana nan daram bai motsa ba, ga kuɗin biza kaɗai da ya tashi zuwa 1,600 a 2024 ya koma 2,000 a 2025, wanda in an hana bizar ba a dawo da shi. Daga ina za a cike giɓin? Ko dai daga gida, ko a sauya zuwa wata ƙaramar kwaleji mai arha wadda satifiket ɗinta ba ya kai mutum ko'ina, ko a shiga aikin ɓoye ana biya a hannu ƙasa da ƙa'ida, wanda in an kama bizar ce za ta tafi.

Japan ta fi sauƙin shiga, shi yasa yaran ƙauye da waɗanda Turancinsu bai kai ba suka fi karkata can. Hanyar ita ce makarantar koyon yare har zuwa shekara 2, daga nan mafi yawansu kwalejin koyon sana'a suke shiga, kaɗan ne suke kaiwa jami'a. Aiki awa 28 a sati, a Tokiyo awa ɗaya wajen yen 1,200, kaga abinda ke shigowa a wata wajen 145,000 ne kawai, daga ciki za a biya ɗaki, abinci, jirgin ƙasa, a tara na makaranta da yake kai 700,000 zuwa sama a shekara, a kuma turo wani abu gida saboda banki. Yadda ranar irin wannan yaron take tafiya, ƙarfe 10 na dare yana tsaye a masana'antar haɗa abincin kwali sanye da hula da takunkumi da safar roba, a ɗaki mai sanyi, yana jera shinkafa da kifi a bel ɗin da ba ya tsayawa, asuba ya fito ya hau jirgin farko, 9 na safe yana aji ana koya masa haruffan kanji idonsa na rufewa. Bayan shekara 2 Japanancin nasa na saye da sayarwa ne kawai, bai kai matakin N2 na jarabawar Japananci da kamfanoni suke nema ba, sai ya shiga duk kwalejin da ta karɓe shi don bizar kar ta mutu. Wannan ma'aikaci ne mai bizar ɗalibi. Kuma ba wai babu masu cin nasara ba ne, akwai su sosai, wanda ya dage ya ci N2 ko N1, wanda shine matakin ƙoli, ya yi kwas ɗin kwamfuta ko kula da tsofaffi ko harkar otal yana samun aiki na gaske, don Japan tsufa take yi tana neman hannu ido rufe, sai dai kusan duk wanda na gani ya kai can akwai wani a gida da ya ɗauke masa nauyin bashi a shekarar farko har ya samu sukunin karatu.

Yanzu maganar ilimin kansa, don kar ka ɗauka duk harkar biza ce. Nepal tana da buƙatun da jami'o'inta ba su da isassun kayan gwaji da kuɗin bincike da za su horar a kai. Ƙasa ce mai girgizar ƙasa, ta Afrilu 2015 mai ƙarfin 7.8 ta kashe kusan mutum 9,000, toh injiniyan gini da ya koyi aikinsa a Japan inda suka ƙware a wannan fanni ba ado ba ne a wurinsu. Ƙasa ce mai koguna masu gangarowa daga Himalaya, tashar Upper Tamakoshi kaɗai megawat 456 take bayarwa, har suna sayar wa Indiya wuta da damina, suna buƙatar masu ilimin madatsun ruwa da layukan wuta da dokokin cinikin lantarki. Kuma suna da mutanen da za su nuna su ce ga abinda karatun waje ya haifar. Dakta Sanduk Ruit, ɗan wani ƙauye can cikin tsaunukan Taplejung, a Lucknow da Delhi ya yi karatun likita, ya ƙaro horo a Ostireliya wajen likitan ido Fred Hollows, ya dawo aka kafa cibiyar ido ta Tilganga a Katmandu a 1994, suka fara ƙera ɗan gilashin da ake sawa a ido bayan an cire yana, abinda ake saye sama da dala 100 ya dawo 'yan daloli, talakawa dubbai suka dawo gani. Mahabir Pun a Nebraska ta Amurka ya yi karatu da tallafi, ya tattara ya koma ƙauyensu Nangi, ya haɗa ƙauyukan kan dutse da intanet mara waya tun farkon shekarun 2000, aka bashi lambar yabo ta Magsaysay a 2007. Kulman Ghising kuwa, wanda ya karɓi hukumar lantarkinsu a 2016 lokacin ana ɗauke wuta har awa 18 a rana ya kawo ƙarshen abun, a Jamshedpur ta Indiya ya karanta injiniyan lantarki. Mu da muka san zafin ɗauke wuta mun san wannan ba wasa ba ne.

Ka lura da abu biyu game da mutanen nan. Dukkansu makarantun gaske suka shiga suka yi karatun gaske, kuma biyu daga cikinsu Indiya ce tushensu, wadda take nan bakin ƙofa, babu biza, kuɗinta bai kai rabin rabin na Sidni ba, ga gwamnatin Indiya tana ba 'yan Nepal guraben tallafi duk shekara. Yaran yanzu raina Indiya suke yi saboda babu dala babu takardar zama, ejan ma ba ya tallata ta sosai tunda kamashonta kaɗan ne. Ni a ganina yarinyar da za ta shiga kwaleji mai kyau ta injiniya ko haɗa magunguna a Bangalo ta fi wadda za ta shiga wata kwalejin hawa na uku a saman shago a Sidni, nesa ba kusa ba.

Ita ƙasar tana amfana ko tana asara, wannan gardama ce da su kansu ba su gama ba. Kuɗi masu yawa suna fita a matsayin kuɗin makaranta, kwalejojin gida suna kukan ajujuwa sun zama wayam har ana maganar haɗe wasu, asibitoci suna horar da nas-nas suna tafiya. Ga shi Nepal ba ta yarda mutum ya riƙe fasfo biyu ba, wanda ya karɓi na Ostireliya ya saki nasu, duk da gyaran dokar 2023 ya ba irin waɗannan wata takardar ɗan ƙasa mazaunin waje mai bada haƙƙin kasuwanci da dukiya amma banda siyasa. Wannan dai ba shi ne matsalar abokinka ba yanzu, na wuce.

Abinda ya shafe shi shine ƙofofin nan suna ƙara tsukewa, kuma labarin da maƙwabcinsu da ya tafi 2018 yake bayarwa ba shi ne na yau ba. Kanada ta sa iyaka a yawan bizar ɗalibai tun Janairu 2024 ta kuma ninka kuɗin rayuwa da ake nunawa kafin a bada biza zuwa sama da dalarsu 20,000. Birtaniya ta hana masu mastas na aji, wanda ba na bincike ba, tafiya da iyali a wannan watan dai, kuma ta sanar za ta rage zaman bayan karatu daga shekara 2 zuwa wata 18. Ostireliya ta tsaurara tantance ko mutum ɗalibi ne na gaske tun Maris 2024, ta ɗaga makin Turanci. Wanda ya ci bashi yau da lissafin takardar zama bayan shekara 5, dokar da zai tarar ba lallai ta zama ta yau ba.

In da ƙanwata ce ga abinda zan yi. In tana da ƙoƙari, ta yi digirin farko a gida ko a Indiya da kuɗin da ba sai an taɓa gona ba, ta fito da sakamako mai kyau, ta ɗan yi aiki, sannan ta nemi fita a mastas, don a can tallafin yake: Australia Awards, Chevening na Birtaniya, Fulbright na Amurka, MEXT na Japan, Erasmus Mundus na Turai, GKS na Koriya ta Kudu, duk 'yan Nepal suna nema suna samu. Jami'o'in Amurka kuma suna ɗaukar ɗaliban mastas da digirin digirgir a kimiyya su yafe musu kuɗin makaranta su biya su ɗan alawus saboda suna taya koyarwa ko bincike, 'yan Nepal da yawa ta nan suka bi. Jamus mafi yawan jami'o'in gwamnati ba a biyan kuɗin karatu, sai dai a ajiye wajen yuro 11,900 na ci da sha a asusun da ake rufewa, a kuma dage da Jamusanci. Mastas shekara 1 zuwa 2 ne, ko da aljihu za a biya bashin bai kai na digirin shekara 3 ko 4 ba, kuma mai shekara 23 ta fi mai 18 iya riƙe kanta a baƙon wuri.

In kuma sun dage sai yanzu, toh a duba kwas ɗin da ke da lasisi a ƙarshensa kuma ake nemansa can da gida, irin aikin nas ko injiniya ko kwamfuta, ba "harkar kasuwanci" ta gaba ɗaya da kowa ke cikawa a fom ba. A sani cewa nas a Ostireliya sai ta yi rajista da hukumarsu kuma makin Turancin da suke nema yana da tsauri. In likitanci ne a Bangaladesh ko Chana, sai ta fara cin jarabawar shiga ta hukumar ilimin likitanci ta Nepal tun kafin ta fita, in ta dawo kuma ga jarabawar lasisi tana jiranta, wasu sun kashe miliyoyi sun dawo sun maƙale a nan. Kowane digiri na waje ma sai an tantance shi a gida kafin a nemi aikin gwamnati da shi.

Game da ejan, a tuna makarantar ce take biyansa kamasho a kan kowane kai, don haka inda ya fi samu nan zai fi yabawa. A tambaye shi lasisinsa, a shiga shafin makarantar da kai a ga kuɗin shekara nawa ne gaba ɗaya ba na zango ɗaya ba, a tura kuɗi kai tsaye asusun makaranta ta banki, a karanta sharaɗin mayar da kuɗi in biza ta ƙi. In yace zai "gyara" takardar banki ko ta kuɗin shigar gida, a tashi a bar masa ofishinsa, don in aka gano sunan yarinyar ne zai ɓaci, Ostireliya tana iya hana ta biza shekara 3, shi kuwa gobe zai buɗe ƙofa ya karɓi wani.

Shi abokin naka kuma ka tambaye shi tambaya ɗaya tsakaninka da shi: in kamfani ya sallame shi wata shida bayan ta tafi, wa zai biya banki? In amsar ita ce "ita za ta biya da aikinta", ka nuna masa lissafin can na sama. In suna da wata hanyar da za ta ɗauki kuɗin makaranta na shekara biyun farko ba tare da an dogara da aikin yarinyar ba, kuma ba duka gonar za a jinginar ba, toh su tafi da ƙarfin gwiwa, irin waɗannan su ne nake gani suna gamawa lafiya. Kuma a kira ita yarinyar a waya a ji me take so ta karanta, don a duk tambayarka ban ji an ambaci kwas ba, ƙasa kawai aka ambata. In ya samu takardar tayin gurbin daga ejan ɗin, ya ɗauki hotonta ya rufe suna da lambar fasfo ka turo min, zan duba makarantar in gaya muku ko tana da rajista da kuma nawa abun zai ci har ƙarshe.